Yara biyu a lamba ɗaya

Ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa manta inda na ajiye ɗankwalina, ba na jin zai iya goge mini ranar da wayar mai tsaron ƙofar makaranta ta ce an riga an ɗauki 'yar yayata, alhali babu wanda ya san mutumin da ya ɗauke ta. An kwana biyu da faruwar abin, yarinyar har ta shiga firamare.

Da na gama sakandare ban samu shiga jami'a ba, ga ta kuwa a bakin ƙofarmu a Samaru, kullum ina kallon 'yan mata sa'o'ina suna wucewa da littattafai. Da zaman gida ya ishe ni, Baba ya yarda in riƙa zuwa wani ɗan shago a saman bene, inda wani malami yake koya wa matasa rubuta manhajar intanet. A nan na haɗu da ƙawata. 'Yar Sabon Gari ce, iyayenta mutanen kudancin Kaduna, babanta yana aiki a coci. Rana ɗaya muka fara, benci ɗaya muke zama, ita ma sakandare kawai ta yi. Tana ce mini 'yar Samaru, ina ce mata 'yar Sabon Gari.

Matsalar ɗaya ce, ta fi ni. Abin da zan yi mako ina kokawa da shi, ita kafin a tashi ta gama, har ta juyo ta ce in kawo ta duba mini. Da a ce tana da girman kai da na samu sauƙi, da na ce ai shi ya sa ba na son ta. To ba ta da shi. Ita ce mai raba awararta biyu ta turo mini rabi. Ina ci, ina godiya, wani abu yana tokare mini a ƙirji. Ban san ƙyashi yana iya zama da so a zuciya ɗaya ba sai a kanta.

Aikin da ya jawo komai ma ni na kawo shi. Yayata tana aure a Chikaji, mijinta yana aikin walda a can, kuma 'yarta, wadda lokacin ba ta wuce shekara uku ba, tana wata ƙaramar makarantar nazare a unguwar. Mai makarantar ta gaji da rigimar tashi, wannan ya zo ɗaukar yaro, wancan ya aiko maƙwabci, babu mai iya cewa ga wanda ya fita da wa. Yaya ce ta ce mata ai ƙanwarta tana koyon irin waɗannan abubuwan. Na kai maganar wurin Malam ina ta murna, a raina na gama ganin kaina a gaba. Sai ya ce ƙawata ce za ta tsara rumbun bayanan, wato inda za a adana sunayen yara da azuzuwansu, ita ce kuma za ta rubuta ƙa'idojin abin da rumbun zai karɓa da wanda zai ƙi. Ni kuma in rubuta gwaji.

Ga wanda bai sani ba, gwaji wani ɗan rubutu ne mai tsokanar manhaja. Za ka miƙa mata abin da bai kamata ta karɓa ba, ka ga ko za ta ƙi. In ta yi daidai sai allo ya nuna kore, in ta kuskure ya nuna ja. Aiki ne da babu mai ganinsa. Ba ya da launi, ba ya da hoto, ba a nuna wa mai kuɗi.

Tsarin mai sauƙi ne. Kowane yaro yana da lamba. Mai ɗaukarsa zai faɗi lambar a ƙofa, Anti mai tsaron ƙofa ta danna a waya, sunan yaro ya fito, ta kira shi, wayar ta rubuta cewa ya fita. Da ma malaman makarantar sun saba ba yara lamba aji-aji, kowane aji ya fara daga ɗaya, har an rubuta musu a jikin jaka da alƙalami mai kauri. Mai makarantar ta ce kada a taɓa lambobin, iyaye sun riga sun haddace. Malam ya ce babu damuwa, a ɗaure lambar da aji. Ƙawata ta rubuta ƙa'ida: lamba ba za ta maimaitu a cikin aji ɗaya ba, amma tana iya maimaituwa a wani ajin.

Na tasa wannan ƙa'ida a gaba kamar ita ta kashe mini wani. Na ƙirƙiri yara biyu na ƙarya a aji ɗaya da lamba ɗaya, ta ƙi na biyun. Kore. Na sa sifili a gaban lambar don in yaudare ta, ta gane. Na bar fili kafin lambar, ta share shi. Na sa kamar malamai biyu sun danna ajiyewa a lokaci guda, don Malam ya taɓa gaya mana a nan ake kama mutane da yawa, in ba su sa makulli a cikin rumbun kansa ba. Ashe ta sa tun ranar farko. Kore, kore, kore, har launin ya fara ba ni haushi.

"'Yar Samaru, yau ma kin zo da gatarinki?" Haka za ta ce in na buɗe kwamfuta.

"Sai na ga ja," in ji ni.

"To ki nema da kyau. In kin samu, ni da kaina zan yi miki guɗa."

Tana dariya, ina dariya, amma ni tawa ba ta wuce haƙora ba.

Gwaji na ƙarshe da na rubuta a kan ƙa'idar shi ne na ɗaya ɓangaren: yara biyu, lamba ɗaya, azuzuwa dabam, dole rumbu ya karɓa. Ya karɓa. Malam ya duba ya ce madalla, haka ake gwada irin wannan ƙa'ida, ta ciki da ta waje. Shafin ƙofa ma na gwada shi, na danna lamba, suna ya fito daidai. Yaran ƙaryar da na zuba masa duk 'yan aji ɗaya ne, kuma babu wanda ya ga laifin hakan a cikinmu, har Malam.

Ranar da muka kai aikin, ƙawata ce ta yi bayani. Mai makarantar ta riƙe hannunta tana cewa irin waɗannan yaran ake so. Ni ina gefe da igiyar caja a hannu. Da muka fito, Yaya ta ce, "Kai, wannan ƙawar taki akwai kai. Ke kuma me kika yi a ciki?"

Na ce, "Gwaji."

Ta ce, "Au, gwadawa kawai? Ai ko ni zan iya gwadawa."

Ba da mugunta ta faɗa ba, haka Yaya take. Amma na hau keke napep da maganar a raina har Samaru.

Ba a daɗe da fara amfani da manhajar ba, wata rana bayan azahar muna shago, wayata ta yi ƙara. Yaya ce. Ban gane muryarta ba da farko.

"Abin nan naku ya ce an ɗauki 'yata. Wa ya ɗauke ta? Ki gaya mini wa ya ɗauke ta!"

Na ce, "Yaya, tsaya, ki yi a hankali."

"Na faɗi lamba, an danna, ya ce ta fita! Ni ce nake ɗaukarta, ban aiko kowa ba!"

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Malam ba ya nan. Ƙawata ta kalli fuskata kawai, ta rufe laftof ɗinta ta cusa a jaka, ta ja hannuna muka sauka. Ko takalmina ban sa daidai ba. A cikin keke ina ta innalillahi, ita tana addu'arta a hankali, tana ce wa mai keken, "Don Allah Malam ka taka, yarinya ce ta ɓata." A Kwangila muka tarar da cunkoso, na ji kamar in sauka in ruga da ƙafa. Kowa a garin nan ya san abin da ke zuwa zuciyar mutum in an ce wani baƙo ya tafi da yaro. Ban iya faɗinsa da baki ba, amma shi kaɗai nake gani.

Mun tarar da Yaya zaune a ƙasa a bakin ƙofa, mayafinta a kafaɗa, mata sun kewaye ta. Mijinta ya riga ya hau babur ya bi unguwa yana tambaya. Anti mai ƙofa tana kuka tana rantsuwa. Ta ce wani mai keke ne ya zo, ba wanda aka saba gani ba. Wai asalin mai keken da ke kwasar wasu yara ne ba shi da lafiya, ya turo abokinsa da lambobi, ya kwatanta masa gidajen. Mutumin ya faɗi lambobi, ta danna ɗaya bayan ɗaya, ta kira sunayen da suka fito, yara suka shiga keke, ya tafi. An kira wayar asalin mai keken, a kashe. Shi kuwa baƙon babu mai lambarsa, babu ma wanda ya riƙe kamanninsa.

"Ni abin da waya ta ce na yi," in ji Anti. "Wallahi abin da ta ce na yi."

Wata mata a bayana ta ce, "Su fa haka suke yi yanzu, da lamba suke zuwa." Yaya ta ƙara fashewa da kuka.

A lokacin ne idona ya faɗa kan benci a ƙarƙashin rumfa. Makaranta ta watse, amma akwai yarinya ɗaya zaune, 'yar babban aji, ta rungume jakarta, ba ta kuka, tana kallonmu kawai. Babu wanda ya kula da ita saboda hankalin kowa yana kan Yaya. A jikin jakar an rubuta sha huɗu. Lambar 'yar yayata ke nan.

Na gane. A take na gane komai, har da layin da na rubuta da hannuna cewa lamba ɗaya tana iya zama ta yara biyu in ajinsu dabam. Azuzuwa da yawa ne, amma ƙofa ɗaya ce. Mai keke ya ce sha huɗu, waya ta tarar da yara biyu, ta miƙo ta farko. Na buɗe baki in faɗa, harshena ya ƙi.

Ƙawata ce ta faɗa. Ta bi inda nake kallo, ta ce, "Wayyo Allah." Sannan ta durƙusa gaban Yaya. "Yaya, ki saurare ni. Ba sace ta aka yi ba. Wannan yarinyar aka zo ɗauka, aka ba shi taki. Gidan su wannan ya kai ta."

Ta buɗe laftof a kan gwiwarta, ta fito da adireshin. Wani gidan haya ne a Sabon Gari, bayan kasuwa. Aka kira lambar uwar yarinyar, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ba mu jira ba. Ni da Yaya da ƙawata muka shiga keke, na ɗora yarinyar nan a cinyata. Ƙawata ce ke nuna hanya, nan ka shiga, nan ka karya, lungunan da ni ban taɓa sanin akwai su ba. Ni dai ina riƙe da 'yar mutane, ina tunanin in ba mu tarar da tamu a can ba fa? In mutumin ya ga ba a karɓe ta ba ya sauke ta a titi fa?

Gidan irin mai ɗakuna a jere ne, tsakar gida cike da igiyar shanya. Wata mata tana wanki. Ƙawata ta tambaye ta da Turancin kasuwa ko an kawo wata yarinya. Matar ta ɗago ta ce, "Which pikin?" Wace yarinya? Ta ce ita yanzu ta dawo, ba ta ga kowa ba. Na duba tsakar gidan nan kaf, babu yaro ko ɗaya. Yaya ta saki wani sauti da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Sai labulen ɗakin ƙarshe ya motsa. Wata tsohuwa ta fito, 'yar kudu ce da ta tsufa a Sabon Gari, ita ce ke karɓar yarinyar nan da muka zo da ita in uwarta tana kasuwa. Ta ɗora yatsa a baki tana cewa mu yi shiru. Ta juya mana baya. Ga 'yar yayata goye da zani, tana barci, ƙafafunta da farar safa suna reto, bakinta duk manja.

"Na ce masa wannan ba tamu ba ce," in ji tsohuwar. "Ya ce Mama, lamba ce lamba, ya ja keke. Ta yi kuka, ta yi kuka, na ba ta doya, na goya ta. Na aika a kira uwar tamu a kasuwa."

Ashe uwar ɗaya yarinyar ta bar shagonta a buɗe ta ruga makaranta ta wata hanyar, mun yi saɓani. Ba a jima ba ta faɗo gidan ba takalmi, ta fizge 'yarta daga hannuna, ta zauna a ƙasa kusa da Yaya. Mata biyu da ba su taɓa ganin juna ba, kowace da 'yarta a ƙirji, suna kuka tare.

Da Yaya ta samu numfashi, sai ta miƙa hannu ta jawo ƙawata ta rungume. "Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya ba ki masu yi miki. Daga yau ke ƙanwata ce."

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Ina tsaye a wurin, ina hamdala da dukan zuciyata, amma abin nan ya sake tasowa ya tokare ni. Ni na fara ganin jakar. Ni ce ƙanwar. A irin wannan rana ma bai bar ni ba, kuma wannan ya tsorata ni kusan kamar ɓatan yarinyar.

Washegari mai makarantar ta ce a dakatar da manhajar, kuma ban ga laifinta ba. A shago, tun kafin Malam ya zauna ƙawata ta ce, "Ni na rubuta ƙa'idar." Malam ya ce ta yi shiru, ai shi ne ya ce a ɗaure lambar da aji, kuma mu ukun babu wanda ya je ya tsaya a ƙofar nan ko sau ɗaya ya ga yadda ake tashi. Ya juyo gare ni ya ce in fara gyaran. Na juya gwajin nan nawa, na rubuta cewa yara biyu a makaranta ɗaya ba za su riƙe lamba ɗaya ba ko da ajinsu dabam. Na danna. Ja. Jan da na yi makonni ina nema ke nan, ya zo, amma ban ji ko ɗigon daɗi ba.

Ƙawata ta gyara ƙa'idar, ta ɗaure lambar da makaranta gaba ɗaya. Da ta zo sa sabon makulli a rumbun, sai ya ƙi shiga, saboda akwai lambobin da suka riga suka maimaitu. Ta fito da su a allo. Suna bayan suna, bibbiyu, wasu uku-uku, kusan duk makarantar. Tun ranar farko wayar take rubuta fitar yaran da ba su ba ne, ba a lura ba kawai saboda masu ɗauka sun san 'ya'yansu, yara kuma suna rugowa da sun hango su. Baƙo ɗaya kawai ake jira.

Na tashi na fita na zauna a matakalar bene, na kifa kai ina kuka. Ta biyo ni ta zauna a gefena.

"'Yar Samaru, in ke kina kuka ni in yi me?"

Na ce, "Ke ai kin nemo ta."

Da na ɗago, idanunta sun kumbura fiye da nawa. Ta ce, "Kin san ban taɓa yarda da abin da na rubuta ba sai na ga korenki? Kullum sai in ce, in dai yarinyar nan mai gatari ba ta samu komai ba, to babu komai. Da ke nake samun barci."

Duk tsawon lokacin nan ita jingina take yi da ni, ni kuwa farautarta nake yi.

An sake karɓar manhajar daga baya, da sababbin lambobi, da hoton yaro da na mai ɗaukarsa. Yaya har yau in tana ba da labarin cewa take ƙawar ƙanwarta ce ta nemo mata 'ya, kuma har yau sai na ji ɗan tsinke ya soke ni. Ba zan ce na warke ba. Amma na koyi abin da ban koya a benci ba. Kore ba ya nufin babu matsala, yana nufin an amsa tambayar da ka yi ne kawai. Ni kuma duk tambayoyina a kan ƙawata suke, ina ta kuskure, ina zan kama ta, ban taɓa tambayar wa zai faɗi lambar nan ba, a wace ƙofa, kuma wace yarinya ce za ta taso in an kira. Ƙyashi bai hana ni aiki ba, ƙwazo ma ya ƙara mini, sai dai ya kafe idona a kan mutum ɗaya har na daina ganin sauran. Yanzu duk wanda ya ce mini abu kaza ba ya maimaituwa, sai na tambaye shi a ina, sannan in sa takalmina in je wurin in tsaya da ƙafata kafin in rubuta layi ɗaya.